Murya ta Huɗu

Ranar wata Talata ina zaune a gefen matakalar kasuwar unguwarmu ina ɗaure ganyen kabewa, sai ga Pari ta sauko da jakarta ta makaranta a kafaɗa. Ba ta taya komai ba. Ta tsuguna kusa da ni kamar mai zaɓen citta, ta zaro wata takarda a ninke ta tura min ƙarƙashin faifai.

"Yaya Liani, ki koyi wannan. Kada ki nuna wa kowa."

"Wasiƙar saurayi ce? Sai yanzu da furfura ta fara leƙowa?"

"Waƙa ce. Murya ta biyu. Ranar Asabar zan zo gida ki rera min."

Ta miƙe ta ci gaba da sauka, ko barkonon rupi goma ba ta saya ba don ta rufa min asiri.

Pari ita ce malamar waƙa a makarantar 'yan mata da ke saman tudu, ita ce kuma take jagorantar mawaƙan cocinmu. Na girme ta da shekara biyar, tun tana yawo da majina a hanci na san ta, shi ya sa ba na jin nauyin gaya mata magana. Ni kuwa shekarata ashirin da uku ina rera murya ta biyu. Mu 'yan murya ta biyu ba mai yaba mana. Matan murya ta ɗaya su ake wa tafi, mazan ta uku da ta huɗu su ake kallo, mu sai ranar da muka yi kuskure ake tunawa muna nan. Na saba, amma ban ce ba ya min ciwo ba.

Da rana ta take, masu saye suka ragu, na buɗe takardar. Solfa ce zalla, do re mi daga sama har ƙasa, babu kalma ko ɗaya, babu sunan waƙa. Wannan bai dame ni ba, don a garinmu Aizawl ko yaron da bai iya ɗaure takalminsa ba yana karanta solfa. Abin da ya dame ni yana tsakiyar shafin. Muryata tana tafiya a hankali, ta hau, ta tsaya a kan sauti ɗaya har numfashi ya kusa ƙarewa, sannan ta yanke. A nan Pari ta ja layi ta rubuta da jan biro: shiru, bugu goma sha biyu.

Goma sha biyu! Na rera waƙa ta fi dubu, ban taɓa ganin inda aka ce mutum ya rufe baki ya ƙirga har goma sha biyu ba. Biyu ko huɗu, na yarda, don a sha iska. To me ke faruwa a wurin? Wa ke waƙa lokacin da ni na yi shiru? Tun daga ranar tambayar nan ta maƙale min. Ina auna wa mutane tsiron gora ina ƙirgawa, ina dafa shinkafar yamma ina ƙirgawa. Mijina ya ce in je asibiti a duba ni.

Ranar Asabar Pari ta zo. Ta rufe ƙofa, ta rufe taga, ta leƙa har bayan labule, sannan ta ce in fara. Na rera mata sau uku. Tana saurare tana gyare-gyare da fensir, tana tambayata inda maƙogwarona ya gaji da inda numfashi ya gaza min. Da ta gama na tsare ƙofa da jikina.

"Ba inda za ki sai kin gaya min. Ruwa ba ya tsami banza."

Ta zauna. "Gasa ce, Yaya. A Turai ake yin ta, a wani gari bakin teku. Duk shekara biyu suna kiran masu tsara waƙa na duniya su aiko da sabuwa mai murya huɗu. Wadda ta ci, mawaƙa arba'in ne za su rera ta a babban zaure, mai ita yana zaune yana ji."

"To ai sai ki tara mu ranar Laraba a wurin gwajin waƙa mu rera miki, ki ji inda take ɗingishi."

"Nan ne matsalar. Dokarsu ta ce waƙar ta zama sabuwa dal. Ba a taɓa rera ta a gaban jama'a ba, ba a taɓa ɗaukar ta a waya ba. In an ji ta ko a cocin ƙauye ne, an fitar da ke."

"Waƙar da ba wanda ya taɓa rerawa, ta yaya za su san tana da daɗi?"

"A takarda suke karantawa, su ji ta a cikin kai."

Na yi dariya har na ƙware. A garinmu, inda rufin wani shi ne tsakar gidan wani, in ka tsara waƙa da safe kafin la'asar maƙwabta sun koya ta jikin bango, kafin Lahadi sun gyara maka ita. Pari ta san haka sarai. Shi ya sa ta raba waƙar gida huɗu, ta ba mutum huɗu, kowa da muryarsa, ba wanda ya san ɗan'uwansa, kalmomin kuma ta riƙe su a cikinta. Ta ce kwamfutarta tana kaɗa mata duka huɗun a haɗe, amma kamar kukan gyare, kuma kwamfuta ba ta numfashi balle ta gaya mata inda mutum zai shaƙe.

"Sau biyu ina aikawa, ko amsa ban samu ba," in ji ta. "Shekarata arba'in da huɗu. Duk waƙar da na rubuta a garin nan sai wani ya ƙara mata gishiri. Sau ɗaya a rayuwata ina so in zauna in ji an rera abin da na rubuta yadda na rubuta shi. Ba ƙari, ba ragi."

Ta ba ni tausayi, gaskiya. Amma tausayi bai kashe min ƙaiƙayin tambaya ba.

"Su waye sauran ukun? Kuma me ke cikin shirun nan?"

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Yaya Liani."

Ta zame ta ƙarƙashin hannuna ta fice.

Na yi alkawarin ba zan nuna wa kowa takardata ba. Ban yi alkawarin toshe kunnuwana ba. Bayan sati biyu na shiga tasi da buhunan kabewa daga tashar motocin ƙauye, muka faɗa cunkoso a kwanar asibiti. Direban kuwa Zuala ne, mai rera murya ta uku a cocin unguwar da ke gefenmu. Muna tsaye sai na ji yana ɗan waƙa ta hanci, ya hau, ya riƙe sauti ɗaya, ya yanke. Sai yatsansa ya fara bugun sitiyari. Na bi shi a zuci. Yana kaiwa goma sha ɗaya na ce da ƙarfi, "Goma sha biyu!"

Saura kaɗan ya hau kan mai babur ɗin gabanmu.

"Pi Liani! Ke ma?" A wurinmu Pi ake ce wa babbar mace don girmamawa, Pu kuma babban namiji.

"Ni ma me? Ni dai kabewa nake ƙirgawa."

"Haba Pi, kifi na ganin ka mai jar koma. Ke ma a nan kike shiru?"

"A nan."

"Ni na ɗauka mata ne ke waƙa a wurin."

"Ni kuma na ɗauka ku ne."

Gano cikon ukunmu bai ba mu wahala ba. Sawmi ce, nas a asibitin mishan, wadda in ta ɗaga murya ta ɗaya a coci har tsofaffin da ke gyangyaɗi suke farkawa. Zuala ya ce ya taɓa ɗaukar ta da safe ya ga leɓenta yana motsi tana ƙirge da yatsu. Muka tare ta a shagon shayi kusa da ƙofar asibiti. Da farko ta musa, sai na buga mata goma sha biyu da cokali a jikin kofi, ta rufe fuska da hannu tana dariya. Ita ma a wurin take shiru.

"To mu haɗa namu uku mu ji," na ce. "A motar Zuala, a ɗaga gilashi. Wa zai sani?"

"A'a, Yaya," in ji Sawmi. "Na yi wa Malama alkawari."

"Ke dai kin cika tsoro."

"Ke kuma kin cika son jin ƙwaƙwaf. In waƙar nan ta fita ta bakinmu, da wane ido za mu kalle ta?"

Na ji haushi don ta fi ni gaskiya. Amma mun tashi da abu ɗaya a hannu: tunda mu uku duk shiru muke, wurin na murya ta huɗu ne shi kaɗai. Wani namiji a garin nan yana yawo da abin da ke hana ni sakewa a cikin aljihunsa.

Muka yi ta lissafin masu kaurin murya. Na bi mai sayar da nama har rumfarsa ina jan sa da hira ko zai yi waƙa, ya ɗauka rance nake nema. Zuala ya ɗauki dattijon coci kyauta har sau biyu, bai ji komai ba sai labarin ciwon gwiwa. Sawmi ce ta ambaci Pu Luaia, ni da Zuala muka kwashe da dariya.

Pu Luaia tsohon kafinta ne, shekara saba'in da takwas, shagonsa yana can ƙasan unguwa, matakala ɗari biyu da wani abu daga kasuwa, inda gwiwata ta daɗe da daina kai ni. Shi ya koya mana solfa duka a makarantar Lahadi, da rula a hannu. Muryarsa in ta sauka ƙasa har a benci kake jin ta. Amma abu biyu kowa ya san shi da su. Na ɗaya, magana ba ta kwana a cikinsa. Na biyu, bai taɓa rera waƙa yadda aka rubuta ta ba, sai ya lanƙwasa wani wuri, in an yi magana ya ce mai waƙar ne bai gama tunani ba. Shi da Pari kullum cikin faɗa suke a kan haka, har ta taɓa jifan sa da alli a gaban mutane. Na ce wa Sawmi ba mai ba Pu Luaia ajiyar sirri sai wanda ya gaji da sirrinsa.

Pari ta aika da waƙarta a watan Maris. Muka shiga damina ban gano na huɗu ba, ita kuma ko a fuska. Sai wata Litinin a watan Yuli ta sauko matakalar kasuwa ba laima, ruwa ya jiƙa ta jagab, ta kama hannuna ta matse har ya yi min zafi.

"Yaya Liani, sun amsa. Waƙa ɗari uku da wani abu aka aika. Sun zaɓi biyar. Tawa tana ciki."

Na yi guɗa, matan da ke gefena suka juyo, na ce musu kabewa ce ta yi tsada. Pari ta ce saura abu ɗaya: sun aiko da takarda ta sa hannu kafin ƙarshen sati, cewa har yanzu ba a rera waƙar a gaban kowa ba, kuma ba za a rera ba sai ranar da za su yanke hukunci a watan Nuwamba. Ta ce ranar Juma'a za ta sa hannu a ofishin makaranta ta tura.

"To yanzu ai kya gaya min na huɗu."

"Nuwamba," in ji ta, tana dariya kamar yarinya.

Ranar Alhamis da sassafe lasifikar unguwa ta yi magana. Muryar shugaban matasa ce: Pu Luaia ya rasu da asuba, za a yi jana'iza da ƙarfe ɗaya. Na rufe kayana da leda, na koma gida na ɗaura baƙin zane, na sauka matakalar nan ɗari biyu ina dafa bango ina tsine wa gwiwata.

Kafin in isa matasa sun fitar da kayan ɗaki, sun jera bencuna, sun kafa tamfol a kan hanya saboda ruwa. Bencunan ma yawancinsu marigayin ne ya ƙera su. Akwatin yana tsakiyar ɗaki an lulluɓe shi da zane, mata a hagu, maza a dama har waje. Ganguna biyu da ake kaɗawa a makoki, babba da ƙarama, suna tafiya a hankali, mai jan waƙa yana karanto layi muna amsawa, kamar yadda ake yi wa kowa. Na samu wuri kusa da Sawmi. Na hango Zuala a bakin ƙofa. Pari tana gaba, kusa da matar marigayin, idonta ya kumbura.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka tsaya shan shayi. Ɗakin ya yi tsit sai ƙarar kofuna. A nan Pi Dari, matar Pu Luaia, wata 'yar ƙaramar tsohuwa da kunnenta ya yi nauyi shi ya sa ba ta iya magana a hankali, ta dafa gwiwar Pari.

"Pari, 'yata. Wata biyar tsohon nan yana damuna da wata waƙa mai ramuka. Ya rera, ya yi shiru, ya rera, ya yi shiru. Na ce masa wannan wace irin waƙa ce kamar haƙoran tsohuwa? Ya ce taki ce. Ya ce tana da 'yan'uwa uku da bai taɓa ji ba, amma ya san suna nan a cikin ramukan. Ko shekaranjiya sai da ya ce shi dai Allah ya kai shi ranar da za a haɗa su ya ji."

Sawmi ta damƙe min hannu. Ashe! Ashe shi ne.

"To ga shi Allah bai kai shi ba," in ji Pi Dari. "Ni kuma na ce ba za a fita da shi daga ɗakin nan bai ji ba. Ki haɗa masa su, 'yata."

Mutum ya fi ɗari biyu ciki da waje, kowa ya ji. A garinmu ba a ce wa mai takaba a'a, ko rigar jikinka ta roƙa. Ba wanda ya san abin da tsohuwar ta roƙa sai mu huɗu. Na kalli Pari, fuskarta ta koma kamar toka. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min kyau ba: rabin zuciyata tana kuka saboda Pari, ɗaya rabin tana tsalle don yau zan ji. Kunyar kaina ta kama ni, sai na yi wuf na buɗe baki.

"Pi Dari, ki yi haƙuri, waƙar ba ta gama nuna ba. Malama tana kan gyara. Bari mu yi masa wadda ya fi so a littafi."

"Me ta ce?" in ji tsohuwar.

"Ta ce waƙar ba ta nuna ba," wani ya faɗa mata a kunne.

Pari ta daɗe tana kallon akwatin. Sannan ta ajiye kofinta a ƙarƙashin benci ta miƙe.

"Ta nuna, Pi. Sawmi, taso. Yaya Liani. Zuala, shigo ciki."

Muka tsaya a gefen akwatin. Nan da nan na ga wayoyi suna tashi sama ta bayan kawuna, goma, ashirin. Pari ma ta gan su. Na jira ta ce a sauke, ba ta ce ba, don ko an sauke ɗakin cike yake da kunnuwa. Na matsa kusa da ita na ce a hankali, "Gobe Juma'a fa."

"Na san ranar da ake ciki, Yaya."

"Malama, wa zai riƙe ta huɗu?" in ji Zuala.

"Ba kowa. Mu bar masa wurinsa."

Ta ba mu sautin farawa, ta ɗaga hannu. Da solfa muka rera, do re mi, tunda ba mu san kalmomin ba. A ranar na fara jin amfanin layina. Sautin nan guda da na yi ta riƙewa ina tsaki, ashe a kansa Sawmi take hawa tana sauka, Zuala kuma yana zagaye mu ta ƙasa. Tana da daɗi, daɗi mai ban mamaki, ba irin waƙoƙinmu na littafi ba. Amma kana ji ka san da saura, kamar teburi mai ƙafa uku. Muka hau tare, muka riƙe, numfashina ya kusa ƙarewa, Pari ta dunƙule hannu, muka yanke.

Ɗaya, biyu, uku. Hannunta yana ta ƙirgawa a iska. Ba a jin komai sai ruwa a kan tamfol. Na ƙirga wannan shirun ya fi sau dubu a kasuwa da kicin, ban taɓa jin tsawonsa ba sai yau da mai shi yake kwance a gabana. Tara, goma. Pi Dari ta ce da muryarta mai ƙarfi, "Nan ne wurinsa." Goma sha biyu ta cika. Ya kamata mu shigo, amma hannun Pari ya tsaya a sama ya ƙi saukowa.

Sai wani tsoho a ɓangaren maza ya gyara murya ya fara. Pu Thanga ne, abokin shan shayin marigayin. Bai yi layi ɗaya ba wasu biyu suka kama masa, sannan biyar, sannan samarin da ke tsaye a waje ƙarƙashin tamfol. Duk wanda ya taɓa zama a shagon Pu Luaia jiran kujera, duk saurayin da ya taɓa riƙe masa katako yana yanka da zarto, ya iya ta, bai kuma san ya iya ba. Sun ɗauka 'yar waƙar aikin tsoho ce. Wata biyar yana zuba musu ita a kunne.

To ga abin da ke cikin shirun. Muryar tana sauka ne taki-taki, a hankali, kamar mutum ɗauke da kaya a matakalar unguwarmu, tana sauka har inda ka ce ba sauran ƙasa. A can ta ɗan tsaya. Sai a sautuka biyu na ƙarshe ta juyo sama kaɗan, kamar wanda ya kai ƙofar gida ya waiwayo. Maza sun kai hamsin a kanta, benci yana rawa a jikin ƙafata. Na ga girar Pari ta haɗe a daidai wurin juyowar nan, irin haɗewar da take yi ranar Laraba in wani ya kauce. Sai kuma hawaye ya zubo mata, ta sauke hannu, muka shigo. Mai babbar ganga ya bi mu a hankali ba wanda ya sa shi. Mazan ba su tsaya ba, don sun san sauran, har ramukan sun sani. Muka kai ta ƙarshe mu duka.

Ba a yi tafi ba, ba a tafi a gidan makoki. Pi Dari ta shafa zanen da ke kan akwatin ta ce, "To ka ji. Sai ka bar ni in huta." Mai jan waƙa ya buɗe littafi aka ci gaba, da ƙarfe ɗaya aka ɗauke shi.

Kafin a dawo daga maƙabarta waƙar ta shiga kowace waya a Aizawl. Ƙanwata da ke aiki a Delhi ma sai da ta turo min, wai ko na san waɗannan mutanen. Da yamma na hau har gidan Pari, na same ta a gaban kwamfuta.

"Saurara," na ce. "Ba mu rera kalmomin ba. Do re mi ba waƙa ba ce, gwaji ne. Kuma gidan makoki ba zaure ba ne. Ki sa hannu abinki. Wa zai je Turai ya kai ƙara?"

"Ba wanda zai je."

"To?"

"To ni na ji ta, Yaya. Ke ma kin ji. An rera ta."

Ta riga ta rubuta musu tun kafin in zo. Bayan kwana huɗu suka amso da ladabi. Sun yi mata ta'aziyya, sun ce doka doka ce, sun ba wa wani wurinta. A ƙasan wasiƙar ɗaya daga cikin alƙalan ya ƙara tambaya tasa ta kansa, wai mawaƙa nawa ne suka rera, kuma sau nawa suka yi gwaji? Pari ta ce ta rasa yadda za ta amsa masa ba tare da ya ɗauke ta maƙaryaciya ba.

Sati biyu ban gan ta a kasuwa ba. Ranar da ta sauko ta rame kaɗan. Wannan karon ta sayi citta da barkono, ta zauna a kan buhuna kusa da ni, muna kallon masu hawa da sauka.

"Kina da-na-sani?" na tambaye ta.

"Sosai. Ba zan yi miki ƙarya ba. Har mafarkin zauren nan nake yi." Ta juya cittar a hannunta. "Da za a sake, haka zan sake yi. Amma yana min ciwo."

"Ni abin da ban gane ba, duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki ba sai Pu Luaia?"

"Da muryarsa a kunnena na rubuta wurin. Ba wanda ke sauka can sai shi. Na sa shi ya yi min alkawari da hannunsa a kan Littafi Mai Tsarki ba zai nuna wa kowa takardar ba."

"Ai kuwa bai nuna ba."

"Bai nuna ba." Ta yi 'yar dariya, ta zaro wata takarda daga jaka ta buɗe min a cinya. Karo na farko ke nan da na ga muryoyin huɗu a jere, ɗaya a kan ɗaya. Ta sa yatsa a ƙarshen layin murya ta huɗu, inda aka goge da roba har takardar ta yi laushi, aka sake rubutawa.

"Kin ga nan? Sautuka biyun nan na ƙarshe. Ni ƙasa na rubuta su. Ƙasa, Yaya Liani, ta sauka ta zauna, shi ke nan. A gabana sau shida ya rera min daidai, kamar mutumin kirki. Ashe ina juya baya yake ɗaga su sama, ya kuma koya wa rabin unguwa haka."

"Shi ya sa kika haɗe gira."

"Kwana goma ina gwada nawa ina gwada nasa." Ta ninke takardar. "Nasa ya fi. Tsohon banza, nasa ya fi. Kuma ba ni da wanda zan je in yi wa faɗa."